Yadda ake aiki da sikanar hannu, da inda ƙarfinta ya tsaya

Sikanar hannu, wato ƙaramar na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta mayar da shi fayil na kwamfuta, an yi ta ne domin takardar da ba za ta iya zuwa wurinka ba: littafin da ba a fita da shi daga ɗakin karatu, yarjejeniyar da aka miƙo maka ka duba ka mayar nan take, fayil ɗin da mai shi ya ce ko nan da ƙofa ba za a kai shi ba. A irin wannan hali take da rana. Wanda kuwa ya saye ta da nufin ta maye masa gurbin babbar sikanar ofis, zai yi da-na-sani. Babbar sikana tana da inji a cikinta da ke tafiyar da fitila da idon na'urar daidai wa daida, ba sauri ba nawa. A ƙaramar, hannunka ne injin, shi kuwa hannu yana rawa, yana karkacewa, yana gajiya. Kusan duk abin da zan faɗa a nan dabarun rage wannan matsala ne.

Fara sanin wacce ce a hannunka

Iri uku ake kira da wannan suna, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce mai siffar sanda, wadda tsawonta ya ɗan zarce faɗin takardar A4. Ana kwantar da ita a kan shafi a ja ta daga sama zuwa ƙasa. VuPoint Magic Wand da IRIScan Book suna cikin waɗanda aka fi sani. Tana aiki da batir, tana ajiye hoto a ƙaramin katin memori, ba ta bukatar kwamfuta a kusa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Logitech ya fito da ScanMan, wadda faɗinta bai wuce inci huɗu ba, sai an ja ta sau biyu a kan shafi guda sannan a haɗa ɓangarorin a kwamfuta. Na yanzu sun ɗauke wa mutane wannan wahala, amma matsalar hannu tana nan yadda take.

Ta biyu ita ce mai siffar biro, irin su C-Pen da Scanmarker. Layi-layi take bi, kuma rubutu take tsamowa ta mayar da shi haruffan da za a iya gyarawa a kwamfuta. Ɗalibin da ke son ɗebo sakin layi daga littafi zai ji daɗinta, haka wanda karatu ke ba wahala, tunda wasunsu suna karanta abin da suka bi a bayyane. Amma ba za ta ba ka hoton shafi da hatiminsa da sa hannunsa ba.

Ta uku ita ce ƙarama mai zuƙar takarda da kanta, kamar ScanSnap iX100 ko Epson ES-50 ko Brother DS-640. Tana shiga jaka, amma a kan tebur ake ajiye ta a riƙa cusa mata takarda ɗaya bayan ɗaya. Hotonta ya fi na sanda miƙewa nesa ba kusa ba, domin inji ke jan takardar. Aibinta guda: abin da ba falle ba, ba ya shiga. Littafi, rajista mai ɗinki, takardar da aka manna a kwali, duk sun fi ƙarfinta.

Mafi yawan bayanin da ke tafe a kan mai siffar sanda yake, domin ita ce ta fi bukatar ƙwarewa.

Yadda take gani

Ka juya ta ka dubi cikinta. Za ka ga dogon siririn gilashi, da tayoyi na roba a gefensa. A bayan gilashin akwai jerin ƙananan idanu masu jin haske da fitilu masu launin ja da kore da shuɗi. Irin wannan tsari ana kiran sa CIS, kuma an zaɓe shi ne saboda ba ya cin wuta sosai, ba shi da nauyi. Sharaɗinsa shi ne takarda ta kasance manne da gilashin. Da zarar ta ɗaga da milimita ɗaya ko biyu, rubutun wurin zai fito dishi-dishi. Wasu manyan sikanonin tebur suna da wani tsari mai suna CCD, mai madubai da gilashin hange, wanda ke iya ganin abin da ya ɗan yi nisa. Sandar hannu ba ta da wannan gata.

Su kuma tayoyin, ba don sauƙin tafiya kawai aka sa su ba. Su ne ma'aunin na'urar. Juyawarsu ce ke gaya mata nisan da aka yi, sai ta ɗauki siririn layi guda na hoto, ta ƙara wani, ta ƙara wani, har shafi ya cika. Idan taya ta sulluɓe ba ta juya ba, layuka za su ɓace, haruffa su matse. Idan gefe guda ya riga ɗaya gefen, rubutu zai fito a karkace. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu, wato kusancin gilashi da juyawar taya, zai iya gane dalilin kusan kowane mummunan hoto da ya fito masa.

Shirin da ake yi tun a gida

Mataki na farko, wuta. Idan mai batir ɗin AA ce, sa sababbi ka kuma riƙe wasu a jaka. Idan mai caji ce, cika ta. Batir mai rauni ba kashe na'ura kawai yake yi ba, yana iya yanke aiki ana tsakiyar rubuta fayil a kati, sai ka samu hoton da ba ya buɗuwa.

Na biyu, katin memori. Da yawa daga cikin sandunan nan ba sa karɓar katin microSD da ya wuce gigabait 32. Dalili shi ne manyan katuna suna zuwa da tsarin ajiya na exFAT, su kuma na'urorin FAT32 suka sani. Sayen babban kati a nan asarar kuɗi ce. Sa katin a cikin sikanar ka yi masa fomat daga nan, ba daga kwamfuta ba, bayan ka tabbata babu abin da kake bukata a kansa, domin fomat share komai yake yi.

Na uku, saita rana da lokaci. Mutane suna tsallake wannan, alhali na'urar lambobi kawai take raɗa wa fayiloli. Ranar da ka zauna da hotuna ɗari biyu masu suna iri ɗaya, kwanan watan da ke jikinsu ne kaɗai zai nuna maka wanne aka ɗauka a ina.

Na huɗu, daidaita fari. Yawancinsu suna zuwa da wata farar takarda ta musamman a cikin kwali. Kada ka yar da ita. Ana ɗora sandar a kanta a bi umarnin da ke cikin littafin na'urar, domin ta san abin da ake nufi da fari. Ba kullum ake yi ba, sai idan hoto ya fara fitowa da duhu, ko da wani launi-launi da babu shi a takardar asali.

Na biyar, goge gilashin da ƙyalle mai laushi marar gashi, irin na goge tabarau. Ƙwayar ƙura guda a kan gilashin nan ba ɗigo guda za ta haifar ba. Tunda jan na'urar ake yi, dogon layi za ta zana tun daga kan shafi har ƙasansa, a kowane shafi.

Daga nan sai gwaji. Ɗauki kowace takarda ka ja sau da yawa, ka buɗe hotunan a kwamfuta ka gani, har hannunka ya saba. Wurin da aka ba ka minti goma da takardar wani ba wurin koyo ba ne.

Zaɓen ƙarfin hoto

Ana auna ƙarfin hoto da dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Sandunan hannu sukan ba da zaɓi uku, galibi 300 da 600 da 900 ko sama da haka. Ido yakan kai ga babbar lamba, amma ga rubutu na yau da kullum 300 ta wadatar, kuma ita ce manhajojin karanta rubutu suka fi nema.

Ga lissafin. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. A kan dpi 300 hotonta zai zama ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kusan ɗigo miliyan 8.7 ke nan. Idan ka koma 600, ba ninki biyu ka yi ba, ninki huɗu ne, domin faɗi da tsawo duka sun ninka: kusan miliyan 35. Shafi mai launi da ba a matse ba zai tashi daga kimanin megabait 26 ya haura 100. Tsarin ajiye hoto na JPEG yana matse shi ya ragu ƙwarai, amma duk da haka na'urar sai ta sarrafa waɗannan ɗigogi tukuna, saboda haka dole ka rage saurin hannu. Jan hannu a hankali kuma shi ke ba rawar hannu damar bayyana. Sau da yawa hoton da aka ɗauka a 300 da hannu natsattse ya fi na 900 kyau.

Ka hau zuwa 600 idan rubutun ƙanana ne ƙwarai, irin na ƙasan yarjejeniya ko na ƙamus, ko idan akwai taswira da zane mai siraran layuka. Batun launi kuma, duk takardar da ke da hatimi ko sa hannu da biro mai launi, a ɗauke ta da launi, domin shi ke nuna bambancin abin da aka buga da abin da aka rubuta da hannu. Rubutu zalla baƙi a kan fari, yanayin toka-toka ya isa.

Tsakanin JPEG da PDF, ni na fi son a ɗauka a JPEG. Yawancin sandunan nan kowane ja guda fayil guda suke yi, ko da PDF ka zaɓa, saboda haka haɗa shafuka sai a kwamfuta ko ta yaya. Hoto kuwa ya fi sauƙin juyawa da yankewa kafin a haɗa.

Shirya takardar

Nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, mai tsabta. Cinya ko katifa ko tebur mai ƙyallen rufi ba za su yi ba. Cire fil ɗin sitefula da kilif, domin suna karce gilashi, karcen kuma ba ya gyaruwa. Miƙar da lanƙwasa da tafin hannu. Tabbatar tawada ta bushe, haka farin ruwan goge kuskure, idan ba haka ba ka ɓata wa mai takarda takardarsa ka kuma ɓata gilashinka.

Akwai dabaru biyu da ke sauya sakamako sosai. Ta farko, shimfiɗa babbar takarda a ƙarƙashin wadda za ka ɗauka, ta zarce ta ta kowane gefe. Wannan yana ba tayoyi wurin fara juyawa kafin su iso rubutu, da wurin ƙarasawa bayan sun wuce shi. Ba tare da ita ba, layin farko ko na ƙarshe yakan yanke. Ta biyu, idan takardar siririya ce mai rubutu gaba da baya, kamar jarida, sa baƙar takarda a bayanta. Mutum zai zaci fara ce ta dace, amma fara tana dawo da haske ta cikin takardar, sai rubutun baya ya bayyana. Baƙa tana shanye hasken, rubutun baya ya ɓuya.

Rasit da ƙananan takardu sukan bi sandar su tafi tare. A sa su a cikin jakar leda mai haske irin ta ajiye takardu, a ja ta samanta. Rasit ɗin da ke fitowa daga injin biyan kuɗi ya cancanci kulawa ta daban: ba tawada ce a jikinsa ba, takarda ce mai sinadarin da zafi ke baƙantawa, shi ya sa yake dusashewa idan ya daɗe ko ya sha rana. Irin wannan a yi masa sikanin da wuri, kafin ya zama farar takarda.

Jan sandar

Nan ne aikin yake. Ɗora sandar a saman shafi, sama kaɗan da layin farko. A jikinta akwai alamomi biyu da ke nuna iyakar inda take gani, faɗin da bai fi santimita 21 da ɗoriya ba. Tabbatar rubutun yana tsakaninsu, kuma sandar tana daidai da bakin takardar, ba a gicciye ba. Karkacewar da ka fara da ita, da ita za ka gama.

Danne saman takardar da yatsun hannu guda, a bayan sandar. Riƙe sandar a tsakiyarta da ɗaya hannun. Idan ka riƙe ta a gefe, gefen zai riƙa yin gaba. Danna maɓallin ɗauka, jira fitilar ta kama, sannan ka fara ja.

Ka ja da dukan hannu tun daga kafaɗa, ba da wuyan hannu ba. Wuyan hannu lanƙwasa yake yi, sai sandar ta zana baka maimakon miƙaƙƙen layi. Tsayuwa ta fi zama sauƙi saboda wannan. Dannawa kuma matsakaiciya: daidai yadda tayoyi za su kama takarda su juya, ba yadda takardar za ta tattare a gaban sandar ba. Shafi guda a dpi 300 daƙiƙu kaɗan yake ɗauka, amma kada ka sa wa kanka ƙidaya, ka sa ido a kan fitilar gargaɗi. Yawancinsu suna da jar fitila ko alama a ƙaramin allonsu da ke kamawa idan ka yi sauri fiye da kima. Idan ta kama, wannan hoton ya lalace, ko da kuwa ka rage sauri daga baya. Tsaya, ka koma farko. Sauri ya haifi nawa.

Abu mafi muhimmanci: wannan ba guga ba ce, ba a kai da komowa. Ja guda, hanya guda, ba tsayawa a tsakiya, ba ɗagawa. Idan ka tsaya ka gyara riƙo, za a ga tabon wurin a hoto. Ka wuce layin ƙarshe da ɗan tazara, sannan ka sake danna maɓallin don rufe fayil, ka ba ta daƙiƙa biyu ta gama rubutawa a kati kafin ka shiga shafi na gaba. Dubi lambar da ke allon ka ga ta ƙaru da ɗaya.

Wanda karkacewa ta dame shi yana iya ajiye wani abu miƙaƙƙe mai nauyi a gefen takardar, kamar littafi mai kauri, ya jingina ƙarshen sandar da shi tana tafiya. Dabara ce mai sauƙi, tana kuma aiki. Wasu kamfanonin suna sayar da wani gindi da ake ɗora sandar a kai ta koma mai zuƙar takarda. Idan fallayen takarda ne mafi yawan aikinka, wannan gindin ya fi duk wata ƙwarewar hannu.

Idan littafi ne

A hoton talla, littafi ake nunawa kullum, amma shi ne ya fi wuya. Shafin littafi ba a kwance yake ba, yana gangarawa zuwa tsakiya inda aka ɗinke, kuma gilashin sandar ba ya kaiwa har ƙarshenta, akwai tazarar roba a kowane gefe. Idan ka ja daga sama zuwa ƙasa, ƙarshen sandar zai tokare da ɗaya shafin, haruffan da ke kusa da ɗinki su ɓace ko su yi duhu.

Maganin shi ne a juya hanya. Kwantar da sandar a tsawon ɗinkin, ka cusa ta cikin kwarin tsakiya iyakar yadda za ta shiga ba tare da tilastawa ba, ka ja zuwa waje, wajen bakin shafi. Ka lura da gefen da gilashin ya fi kusa da shi, shi za ka sa wajen ɗinkin. Hoton zai fito a kwance, wani lokaci shafin hagu da na dama su fuskanci ɓangarori daban, amma juyawa a kwamfuta abu ne mai sauƙi. Wannan hanya tana aiki ne idan tsawon shafin bai wuce faɗin da sandar ke gani ba.

Sai matsalar bakin shafi. Da tayoyi sun isa ƙarshe, sai su faɗa daga kan tarin shafuka, kalmomin ƙarshe su yanke. Cusa kwali siriri mai tauri a ƙarƙashin shafin, ya leƙo waje da santimita uku ko huɗu, domin tayoyi su sami inda za su ƙarasa. Idan ɓangare guda na littafin ya fi ɗaya tudu, tallafi mai ƙarancin da wani littafi daga ƙasa har su yi daidai.

Duk da haka, akwai littafin da ba za ta iya ba: mai kauri, mai matsattsen ɗinki, wanda rubutunsa ya kusa shiga tsakiya. Kada ka danne shi da ƙarfi don ka samu hoto. Karyewar gadon bayan littafi ba ta ɗoruwa cikin sauƙi, balle littafin ba naka ba ne.

Duba kafin ka tashi

Babban raunin sandar hannu a ganina ba rawar hannu ba ce, rashin gani ne. Da yawansu allonsu lamba kawai yake nunawa, masu nuna hoto kuma allon ƙarami ne, ba za ka gane ko rubutu ya karantu ba. Sai mutum ya koma gida da tabbacin ya gama, ya buɗe ya tarar shafin da ya fi bukata shi ne ya matse. Saboda haka kada ka mayar da takarda sai ka ga hoton a babban allo. Masu Wi-Fi suna tura hoto waya kai tsaye. Marasa shi, riƙe ƙaramin abin karanta kati da ake sokawa a waya, ko kebul ɗin USB da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Idan ka buɗe, zuƙo hoton ka duba kusurwoyi huɗu, da layin farko da na ƙarshe, da lambobi. Lambobi musamman, domin idan kalma ta ɗan lalace hankali zai cike ta, amma 3 da ta koma kamar 8 babu mai cike ta. Shafi mai muhimmanci a ja shi sau biyu, sararin kati ba shi ne matsala ba. Ƙirga hotuna ka gwada da yawan shafuka.

A kwamfuta

Kwashe komai daga kati a ranar. Juya hotuna, yanke gefuna, miƙar da waɗanda suka ɗan karkace, sannan ka haɗa shafukan kowace takarda a PDF guda. Suna kuma a fara shi da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-15, sannan bayanin takardar. Da wannan tsari kwamfuta da kanta za ta jera su bisa lokaci. Abin da ake son ya daɗe shekaru, a ajiye shi a tsarin PDF/A, wanda aka tsara musamman domin adana takardu, ya kuma zama ma'aunin duniya tun 2005.

Daga nan sai OCR, wato manhajar da ke duba hoton rubutu ta gane haruffan, ta yadda za ka iya neman kalma a cikin fayil ko ka kwafe ta. Akwai na saye irin su ABBYY FineReader da Readiris, akwai na kyauta irin Tesseract, kuma sikana da yawa suna zuwa da tasu. Abu biyu ne za ka kiyaye. Na ɗaya, gaya mata harshen da aka yi rubutun da shi. Idan ba ta san harshen ba, haruffan da ba ta saba da su ba za ta mayar da su mafi kusa da su: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b ko ma lamba 6. Na biyu, kada ka amince mata a kan lambobi da sunaye sai ka gwada da hoton. Rubutun hannu kuwa, musamman mai haɗe-haɗe, har yanzu yana ba irin waɗannan manhajoji wahala. Ka bar hoton asali a cikin fayil, rubutun da aka tsamo ya zauna a bayansa.

Ajiya wuri guda ba ajiya ba ce. Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Bayan ka tabbatar da wannan, share katin. Yawanci abin da ke kan katin a buɗe yake, duk wanda ya tsinci sandar ya tsinci takardun asibiti ko na banki ko na shari'a da ke ciki. Ƙaramin abu ne mai saurin ɓacewa.

Inda bai kamata a kai ta ba

Tsofaffin takardu masu rauni su ne na farko. Sandar tana gogar fuskar takarda da nauyin hannu, tana iya yage gefen da ya bushe, ta kankare tawadar da ta fara ɓarewa, ta shafe rubutun fensir. Shi ya sa manyan wuraren adana tarihi da yawa suka hana ta. Hukumar adana takardun tarihi ta Amurka, alal misali, ba ta yarda a shiga da sikanar da ake gogawa a kan takarda ba, alhali tana barin a ɗauki hoto da kyamara bisa sharuɗɗa. Kowane wuri da dokarsa, saboda haka a tambaya kafin a ciro ta daga jaka. Haƙƙin mallaka ma yana nan: samun damar ɗaukar shafi ba ya nufin an halatta maka kwafe littafi sukutum ka rarraba.

Hotunan iyali da ake son adanawa su ma ba aikinta ba ne. Ƙaramar rawar da ba za a lura da ita a rubutu ba, a fuskar mutum fitowa take yi ɓaro-ɓaro, ga haɗarin karce hoton. Sikanar tebur ce ta dace da su. Katin shaida na roba da fasfo sun yi ƙanƙanta da kauri, tayoyi ba sa samun wurin kamawa. Takardar da ta fi A4 faɗi sai an ɗauke ta kashi-kashi a haɗa, haɗin kuma da wuya ya zauna daidai tunda kowane ja da irin tasa karkacewar. Hatimin da aka matsa ya yi tudu ba tare da tawada ba yakan ɓace gaba ɗaya a hoto. Tarin takardu kuma, ɗaruruwa ko dubbai, aikin inji mai zuƙar takardu da yawa a jere ne. Da sanda, kafin ka kai shafi na hamsin hannu ya fara gajiya, hotunan kuma za su nuna. A tuna kuma cewa kwafin sikanin ba ko'ina yake tsayawa a madadin takardar asali ba, don haka ba dalilin yar da asali ba ne.

Sai tambayar da ba za a kauce mata ba: waya fa? Manhajoji irin su Adobe Scan, da abin sikanin da ke cikin Google Drive da Notes na iPhone, suna gano gefunan takarda, su miƙar da ita, su haɗa PDF nan take, kana kuma ganin sakamakon a gabanka. Ba sa taɓa takarda, saboda haka sun fi dacewa da mai rauni da littafi mai kauri. Ga mutum mai ɗaukar shafi biyu ko uku jefi-jefi, gaskiya waya ta ishe shi, ba sai ya sayi komai ba. Inda sanda ta fi ta shi ne haske da ma'auni. Tana tafe da fitilarta manne da takarda, don haka babu inuwar hannu, babu ƙyallin fitilar ɗaki, ɗakin ko da duhu ne sakamakon ɗaya ne. Girman abin da ta ɗauka kuma sananne ne, idan ka buga shi a firinta zai fito daidai da asali, abin da ke da amfani ga zane da fom. Akwai kuma wuraren aikin da ba a yarda takardun aiki su shiga wayar mutum ba, ko a ɗora su a intanet, a nan na'urar da ba ta haɗe da komai tana da daraja.

Idan za ka ajiye ta na tsawon lokaci, cire batiran AA, domin sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Mai caji kuma kada a bar ta ta mutu ƙurmus wata da watanni, a riƙa ɗan ba ta wuta lokaci-lokaci. Mayar da ita cikin jakarta, gilashin ba ya gogar makulli ko biro, sannan ka duba tayoyin, idan sun tara ƙura har sun fara santsi ka goge su da ƙyalle mai ɗan danshi ka bar su su bushe.